Maganin da Ke Tsayawa a Ido

Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan kanta a kemis ya san wannan ƙorafi: "Na ɗiga magani a ido, sai ga ɗacinsa a maƙogwaro." Ni a Agege nake aikin harhaɗa magunguna, nan aka haife ni, kuma mafi yawan masu shigo mana da takardar likitan ido dattawanmu ne: 'yan kasuwar shanu na Oko-Oba, masu canji, masu gadi, direbobin manyan motoci da ke jiran lodi a Apapa, da iyayenmu mata na cikin unguwa. Wasu cikin tsoro suke faɗa, suna zaton maganin ya ɓace hanya ko ya ratsa cikin kai. Bai ɓace ba. A kusurwar ido ta wajen hanci akwai 'yan ƙofofi biyu ƙanana, ɗaya a fatar sama ɗaya a ta ƙasa, su ke kwashe hawaye su zuba cikin hanci. Shi ya sa mai kuka yake jan majina. Maganin ma nan yake bi, ya sauka hanci, ya gangara maƙogwaro. Ɗacin nan da ake ji magani ne da aka saya da tsada, ido kuwa bai same shi ba. Shi ya sa nake son yin magana kan maganin ido na jel, wato mai kauri da ke mannewa ya tsaya a ido.

Lissafin abin yana da tayar da hankali. Idan aka raba mililita ɗaya gida dubu, kowane kaso shi ake kira maikurolita. Hawayen da ke kwance a kan ido a kowane lokaci bai wuce maikurolita 7 zuwa 10 ba, kuma iyakar abin da ido zai iya riƙewa kafin ya tumbatsa wajen 30 ne. Ɗigo ɗaya daga kwalbar magani yakan kai 30 zuwa 50. Tun kafin a je ko'ina ke nan, wani sashe ya zubo a kumatu. Wanda ya rage kuma sai ƙiftawa ta same shi, sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, ga sabon hawaye yana ɓuɓɓugowa yana wanke tsoho, balle idan maganin ya yi zafi ido ya kawo ruwa. Cikin 'yan mintuna an share wurin. Abin da ke samun ratsa tantanin gaban ido ya shiga ciki yawanci bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Allah Ya halicci ido da tsaro mai ƙarfi don ƙura da ƙwayoyin cuta, to tsaron nan bai san aboki ba, magani ma korarsa yake yi.

Saboda haka masu ɗiga biyu ko uku a jere, wai don ya fi kamawa, ƙarar da kwalba kawai suke yi. Na biyun shi ke wanke na farkon.

Da a ce duk ciwon ido Apolo ne, wanda zai yi kwanakinsa ya wuce, da ban damu na yi wannan rubutu ba. Damuwata hawan jinin ido ce, gilakoma. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai da ake samarwa kullum, yana kuma fita ta wata magudana mai kama da rariya. Idan magudanar ta daina tafiya daidai sai ruwan ya taru, matsi ya hau, ya riƙa cin jijiyar gani a hankali. Matsin da ake ɗauka daidai yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci. Ba ciwo, ba ja, ba ƙaiƙayi. Gani yana tafiya ne daga gefe, mutum yana karanta Alƙur'aninsa lafiya lau alhali ya fara tuntuɓe da kujera. Abin da ya tafi kuma ba ya dawowa, saɓanin yanar ido da ake cirewa mutum ya gani. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, kuma bayan yanar ido, gilakoma ce ta biyu wajen makantarwa. Nazarin da Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar daga wannan bincike ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na masu waɗannan shekaru suna da cutar, ɗaya cikin biyar na masu ita ya riga ya makance, waɗanda suka san suna ɗauke da ita kuwa ba su kai 6 cikin 100 ba. Makanta ta fi yawa a Arewa maso Gabas, ta fi ƙaranci a Kudu maso Yamma. Mu Hausawan Legas muna zaune a yankin da ya fi sauƙi, ga asibitocin ido a Idi-Araba da Ikeja, amma iyayenmu da danginmu suna can inda abin ya fi tsanani, da yawansu kuma wurinmu suke zuwa neman magani.

Mai gilakoma da kwalba zai zauna iya tsawon rayuwarsa, in ba tiyata ko leza aka yi masa ba. A nan ne nake ganin ana yi wa dattawanmu rashin adalci. Matsi ya ƙi sauka, sai a ce ba ya sa magani, ba ya jin magana. Akwai wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12 da ke sayen magani wurinmu. Kafin asuba ya bar gida don ya tari motocin da suka kwana a hanya daga Arewa, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Kwalba uku aka rubuta masa, ɗaya sau biyu a rana, ɗaya sau uku, ɗaya da dare, kuma a bar tazara tsakanin kowace. Na ce masa, "Baba, na rana fa, kana samun sawa?" Ya ce, "'Yata, ki zo kasuwa ki ga hannuna da azahar, ki faɗa mini ko ke za ki kai shi kusa da ido." Ba shi da wurin wanke hannu da sabulu, ba shi da inda zai kishingiɗa ya ɗaga kai, hannunsa kuma ya fara rawa. Mutumin nan ba sakaci gare shi ba. Tsarin maganin ne bai dace da rayuwarsa ba.

Ga kuma azumi. Malamai sun yi saɓani kan ɗiga magani a ido da rana. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kanta, abin da ya isa maƙogwaro ta ido yana taɓa azumi, wasu malaman zamani kuma sun ce ba ya karyawa. Ba fannina ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da na sani shi ne duk Ramadan akwai masu ajiye kwalba ɗungurungum har sai bayan salla, ba su faɗa wa likita ba, jijiyar gani kuwa ba ta san wata ya tsaya ba.

To a nan maganar jel ta shigo. Tunanin ba shi da wuyar ganewa: tunda ido korar ruwa yake yi, a ba shi abin da ba ya koruwa da sauri. Tun da can akwai man shafawa na ido, irin tetrasaikilin da ke cikin ɗan bututu, kuma yana daɗewa, sai dai maiƙonsa yana rufe gani, ba wanda zai sa shi ya fita kasuwa. Abin da ake nema shi ne wanda zai ɗigo daga kwalba kamar ruwa, a iya ƙidaya shi ɗigo-ɗigo, amma da ya taɓa ido ya yi kauri ya manne. Wadda ta taɓa dama koko ta san yadda ƙullu yake tsararo a kwano, da tafasasshen ruwa ya sauka a kansa sai ya kama jikinsa nan take. Haka wannan magani yake yi, sai dai abin da ke sa shi kamawa yana cikin idon kansa.

Sinadaran da ke wannan aiki su ake kira folima, wato ƙwayoyin sinadari masu tsawo kamar zare, waɗanda aka ƙulla daga ƙananan guntaye iri ɗaya masu maimaituwa. Ba baƙi ba ne a gidajenmu, sitaci folima ne, ƙaro ma haka, auduga ma haka. Idan zarurrukan suka sarƙe da juna suka riƙe ruwa mai yawa a tsakaninsu, an sami jel. Magani yana zaune cikin ruwan da aka riƙe, yana fita sannu-sannu. Wasu folimomin kuma suna da ƙarin hali na manne wa majinar da ke lulluɓe da ido, don haka ƙiftawa ba ta share su da wuri.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne jelan. Wata bakteriya ce ke yin sa, wadda masu bincike na kamfanin Kelco suka gano a 1978 a jikin tsiron wani tafki a jihar Fensilbaniya ta Amurka. A masana'antar abinci aka fi saninsa. Halinsa shi ne yana zama ruwa-ruwa matuƙar babu gishiri kusa da shi, da ya haɗu da sodiyam da kalsiyam sai zarurrukansa su harɗe. Hawaye kuwa gishiri ne da shi, duk wanda ya taɓa kuka ya ɗanɗana. Kamfanin Merck ya ɗauki timolol, maganin da ke rage yawan ruwan da ido ke samarwa, wanda ake amfani da shi tun 1978 sau biyu a rana, ya zuba shi cikin jelan. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1993 da sunan Timoptic-XE. Sau ɗaya a rana ya wadatar, kuma yana saukar da matsi kusan daidai da na ruwan sau biyu. Daga baya aka yi wani da zantan, shi ma ɗanƙon bakteriya ne. Akwai kuma dangin timolol mai suna katiyolol da aka haɗa da aljinet, wanda ake cirowa daga ciyawar teku, shi ma sau ɗaya.

Wani zai ce daga biyu zuwa ɗaya ai ba wani abu ba ne. Ga wanda ke zaune a ofis mai sanyi, wataƙila. Ga dattijon Mile 12, bambanci ne tsakanin magani da ake sawa da wanda ke kwance a aljihu. Ga mai azumi, ɗigo ɗaya kafin sahur ya raba shi da waswasi. Ga tsohuwar da jikarta ke ɗiga mata kafin ta tafi makaranta, an rage dogaro da wani.

Akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Timolol ɗin da ya gudu cikin hanci ba ɓacewa yake yi ba, jijiyoyin hanci suna tsotse shi kai tsaye zuwa jini, ba tare da ya bi ta hanta an rage masa ƙarfi ba. Dangin magungunan zuciya ne, yana rage bugunta, yana kuma iya shaƙe mai asma. Ɗan ɗigon da ake rainawa ya isa ya kai mai asma asibiti. An auna an ga cewa wanda ke shiga jini daga na jel bai kai na ruwa ba, tunda ya fi tsayawa a inda aka sa shi. Har akwai timolol mai ƙarfin 0.1% cikin jel, kashi ɗaya cikin biyar na 0.5% da aka saba, yana kuma aiki sau ɗaya a rana. Duk da haka, kada wani ya fahimce ni a baibai: mai asma da mai raunin bugun zuciya ba sa sa timolol, na jel ne ko na ruwa. Ni dai ba na miƙa kwalbar sai na tambayi mutum yadda numfashinsa yake.

Folima na biyu, bayan jelan, shi ne kaboma, wanda ɗan adam ne ya ƙera shi, ba daga tsiro ko bakteriya ba. Shi tsami yake bi. A cikin ruwa mai tsami zarurrukansa a dunƙule suke, idan tsamin ya ragu zuwa irin na hawaye, wajen 7.4 a ma'aunin tsami, sai su warware su kumbura. Matsalarsa ita ce ruwa mai tsami yana yi wa ido zafi, ido ya kawo hawaye, aikin ya koma baya. Shi ya sa yawancin waɗanda ke kasuwa a jel ɗinsu suke zuwa tun daga bututu. Hawayen roba masu kauri irin Viscotears na masu bushewar ido kaboma ne. Fusidik asid na ciwon ido mai kwantsa ma cikinsa ake sa shi, sau biyu a rana maimakon yawan ɗigawa. Filokafin, tsohon maganin gilakoma da aka samo daga ganyen wani tsiro na Barazil tun shekarun 1870, sau huɗu ake ɗiga shi a rana, da aka mayar da shi jel sai ya koma sau ɗaya lokacin kwanciya. Akwai kuma jel na gansaikulobiya don gyambon ido da bairos ke kawowa.

Na uku shi ne ya fi ba ni tunani, domin a kansa Legas ta bambanta da inda ake yin binciken. Folokzama 407 zafi yake bi, amma a juye: da sanyi ruwa ne, da ɗumi ya daskare. Saman ido yana da zafin wajen digiri 34. Dabarar ita ce a haɗa shi yadda zai zauna ruwa a zafin ɗaki, ya zama jel a kan ido. To zafin ɗakin wa? A takardun bincike da alamomin magani, zafin ɗaki yana nufin digiri 25 ko ƙasa. A Agege cikin Fabrairu da Maris, inuwa ma takan kai 32 ko 33, balle ɗaki mai rufin kwano da mutum shida ke kwana, balle gaban tirela da ta yi kwanaki a layin Apapa. Tazarar da ke tsakanin kwalba da ido ta kusa ɓacewa ke nan. Maganin zai iya daskarewa tun yana kwalba, ya ƙi ɗigowa. A ce a sa a firji, da wace wutar? Idan kuma aka ɗaga ma'aunin daskarewarsa don ya jure zafinmu, akwai haɗarin ya ƙi kamawa a ido, musamman da yake hawaye na tsinka shi, tsinkewa kuma tana ƙara ɗaga ma'aunin. Yawancin aikin folokzama na ido har yanzu a ɗakin gwaji yake, kuma ina karanta shi da sha'awa, amma a ganina ga ƙasa irin tamu wanda ke bin gishirin hawaye ya fi wanda ke bin zafi nesa ba kusa ba. Gishirin hawayen mutumin Legas da na mutumin Landan ɗaya ne, zafin ɗakinsu ne ba ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ake gwada ƙarkon magani a digiri 30 da danshin iska kashi 75 cikin 100, kuma duk jel ɗin da za a kawo mana da wannan ma'auni ya kamata a fara auna shi.

Maganar zafi ba ta tsaya kan jel ba. Latanofuros, maganin gilakoma na dare da aka fi rubutawa, nau'insa da aka saba da shi a firji ake ajiye shi kafin a buɗe. Idan ka ga an ɗauko maka shi daga kan kanta a cikin kasuwa, rana na dukansa, ka yi tambaya.

Duk sanda na wuce mayankar Oko-Oba nakan tuna cewa daga idon saniya aka fara ciro hayaluronik asid. Masu bincike biyu, Karl Meyer da John Palmer, su suka raba shi daga ruwan cikin idon shanu a Jami'ar Kolambiya a 1934. Daga baya an riƙa samo shi daga zankon zakara, yanzu kuma bakteriya ake sa wa ta yi. Shi ne jel ɗin da likita ke cika gaban ido da shi lokacin tiyatar yanar ido don kare tantani, shi ne kuma a cikin hawayen roba masu kyau. Yana da wani hali mai daɗi: idan ido na buɗe yana da kauri, lokacin ƙiftawa sai ya saki, don haka ba ya damun mai shi.

Inda binciken ya dosa ya wuce kwalba gaba ɗaya. Gilashin ido mai laushi da ake mannawa a ƙwayar ido shi kansa jel ne, Otto Wichterle da Drahoslav Lím suka ƙirƙiro sinadarinsa a birnin Firag, suka bayyana shi a 1960. Tun lokacin ake mafarkin a jiƙa shi da magani, sai a 2021 Japan ta amince da na farko mai ɗauke da maganin ƙaiƙayin ido. A 2018 kuma Amurka ta amince da Dextenza, ɗan siririn jel da likita ke cusawa cikin ƙofar hawayen nan bayan tiyata, ya riƙa sakin deksametason, maganin kumburi, har kwana 30 sannan ya narke da kansa. Ina tunanin tsofaffin da ake yi wa tiyatar yanar ido kyauta a sansanoni, a sallame su da kwalba da umarnin ɗigawa sau huɗu ana ragewa mako-mako, su koma ƙauye ba mai karanta musu takarda. Su ne suka fi kowa buƙatar irin wannan, su ne kuma za su fi kowa daɗewa ba su gan shi ba.

Jel yana da nasa aibin, kuma ba na ɓoye wa mai saye. Bayan an ɗiga gani yakan yi hazo, daga 'yan daƙiƙu zuwa kamar minti biyar, don haka direba da mai keke-napep su jira ya washe kafin su kama sitiyari. Yakan bushe a gashin ido ya yi ɓawo, sai a goge da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi. Wasu suna jin kamar akwai abu a idon. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin hana lalacewa, wanda shi ma daɗewarsa a ido na iya kawo bushewa ga mai amfani na shekaru. Sannan jel gaban ido kawai yake yi wa aiki. Mai ciwon suga da cutar ta taɓa bayan idonsa, allura ko leza yake buƙata, ba ɗigon da zai kai can.

Babbar matsalar dai samuwa ce da kuɗi. Timolol na ruwa yana ko'ina, kamfanoni da yawa suna yin sa, yana cikin mafi araha. Na jel daga waje yake zuwa, ya fi tsada, yau akwai gobe babu, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 duk maganin ido na waje ya yi tashin gwauron zabo. Wata Hajiya da ke saya wa mijinta ta taɓa ce mini, "'Yar nan, ki ba ni wanda na san zan samu wata mai zuwa." Gaskiyarta. Magani mai araha da ba ya yankewa ya fi mai kyau da za a sa wata ɗaya a rasa wata biyu. Amma akwai abin da ke hannunmu. Likitoci ba sa rubutawa saboda ba a samu, masu shigo da kaya ba sa kawowa saboda ba a rubutawa. Haka abin ke zagayawa, marar lafiya kuma bai ma san akwai shi ba balle ya nema.

Abin da ke ƙara ci mini rai shi ne ba mu rasa kayan aiki ba. Najeriya tana cikin manyan masu fitar da ƙaro a duniya, daga Yobe da Borno da Jigawa, a ɗanyensa muke sayarwa. Tsangayoyin harhaɗa magunguna na jami'o'inmu sun daɗe suna nazarin ɗanƙon ƙaro da na dargaza da yauƙin kuɓewa wajen haɗa ƙwayoyin magani. Ɓawon jatan landen da ake zubarwa a bakin ruwan Legas daga irinsa ake cire kaitosan, folima mai manne wa ido da ake ta bincike a kansa. Daga takardar digiri zuwa kwalba a kanta tafiya ce mai nisa, domin maganin ido sai an tsarkake shi daga kowace ƙwayar cuta kamar maganin allura, a daidaita gishirinsa da tsaminsa, a gwada a dabba sannan a mutum, NAFDAC ta yi masa rajista. Masana'antar da za ta iya wannan jari take so. Ina faɗin haka da babbar murya saboda na san mutanenmu: kada wani ya ji na ambaci ƙaro ya je ya jiƙa ya ɗiga. Mun ga idanun da ruwan suga da nonon uwa da fitsari suka lalata lokacin Apolo. Haka kuma magungunan ɗigawa masu siteroid da ake saya ba takarda don ido ya yi fari, su kansu suna hawar da matsin ido, suna kawo gilakoma ga wanda ba shi da ita.

Kafin jel ya wadata, akwai abin da nake koya wa duk wanda ya sayi maganin ɗigawa, kuma kyauta ne. A wanke hannu. A ja fatar ƙasa ta yi ɗan aljihu, a sa ɗigo ɗaya tak, bakin kwalba kada ya taɓa ido ko gashi. Sai a rufe ido a hankali, ba a matse ba, ba a ƙifta ba, a ɗora yatsa a kusurwar wajen hanci a danna na minti biyu. Wannan dannawa tana toshe magudanar, magani ya ƙara daɗewa, wanda ke shiga jini ya ragu. Idan kwalba biyu ce a bar minti biyar tsakaninsu. Idan akwai jel a ciki shi ne na ƙarshe, bayan minti goma, domin in ya riga shiga zai tare wa sauran hanya. Timolol na jelan kuma ana kifa kwalbar a rufe a girgiza sau ɗaya kafin a buɗe. Kwalbar da aka buɗe ta yi mako huɗu a yar da ita ko da saura, a kuma rubuta ranar buɗewa a jikinta don kada a manta.

Masu aika wa iyaye magani gida ta hannun direba, ku naɗe shi cikin tsumma ku ce a ajiye nesa da inji da gilashin gaba, tafiyar Legas zuwa Sakkwato ko Maiduguri ba ta yini ɗaya ba ce. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ke da gilakoma, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane, ya je a auna matsin idonsa a duba jijiyar, musamman in ya kai 40, ko da yana gani tar. Wanda kuma yake kan timolol sau biyu kuma ya san a ransa ɗaya yake samun sawa, ya faɗa wa likitansa gaskiya a zuwa na gaba, ya tambaye shi ko akwai mai sau ɗaya da ya dace da shi, na jel ko wani. Kada ya canza da kansa a kemis, domin bayan canji sai an sake auna matsi cikin 'yan makonni a tabbatar sabon ya riƙe.